Shekarar da Ruwa Ya Zo Ta Ƙasa

Bana har lokacin da ya kamata a ce gero ya kai gwiwa, muna nan muna kallon sama. Hadari zai haɗo da la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin, yara su kwashe shanya da gudu, sai iska ta taso ta watsa shi kamar ba a yi ba. Jikata Safiya takan ajiye mini rediyo a gefen tabarma in za ta fita. Rannan na ji wani malami yana bayani a ciki. Ya ce iska biyu ce ke ture juna a kanmu, ɗaya busasshiya daga hamada, ɗaya mai laima daga teku, can kudu maso yamma. In ta tekun ta yi ƙarfi ta tura ɗayar arewa, damina ta zauna mana. In ta yi rauni, sai ta tsaya a hanya ta sauke kayanta a ƙasar wasu. Ban ji ƙarshen maganarsa ba, don hankalina ya riga ya bar tsakar gidan nan ya koma ƙauyenmu na ƙasar Kirikasamma, zamanin Turawa, shekara ta biyu da aurena.

Mu uku ne a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa wadda kowa a unguwa ke kira Inna. Sunan maigidan Haruna. Yanzu da ya rasu, ni kuma na tsufa, bakina ya iya faɗa. Inna kuwa Auta take ce masa, don shi ne na ƙarshe, yayyensa mata duk suna gidajen aure. Mahaifinsa ya rasu tun kafin a kai ni. Ya bar masa gona a kan tudu inda ake gero da dawa, da wata tsohuwar fadama a bakin tafki. Fadamar an daina nomanta, mu da maƙwabtanmu duka, saboda bakin rafin da ke shigo mata da ruwan kogi ya toshe da yashi. A shekarar ina ɗauke da cikina na fari.

A gidanmu ba sai an fita an duba sama ake sanin damina ta matso ba. Inna ce ta koya mini. Gishirin cikin ƙoƙo zai fara dunƙulewa. Wanki ya daɗe a kan igiya. Ruwan randa ya daina sanyi, gumi ya kwanta a jiki ya ƙi bushewa. Sai ta ce, “Ta juyo. Iskar kudu ta iso.” Shi hadarin daga gabas yake zuwa, amma ba ya zuwa sai iskar kudu ta riga shi ta yi masa shimfiɗa.

Shekarar ta fara kamar kowace. Gishiri ya dunƙule, shamuwa ta sauka a kan tsamiyar ƙofar masallaci, aka yi ruwan farko mai kyau har ƙasa ta yi ƙamshi. Muka fita shuka. Shi yana gaba da sungumi yana sara, ni da Inna muna binsa muna zuba iri muna rufewa da diddige. Gero ya tsiro kore shar, har an fara maganar noman firi.

Wata safiya na tashi na ji leɓena ya bushe. Na ɗebi ruwa a randa, ya yi sanyi har haƙori. Zanin da na wanke da hantsi, kafin in gama shara ya bushe ƙarau. Na ga Inna ta ɗauko ƙoƙon gishiri ta sa yatsu ta ɗebo, ya zube warwar kamar yashi. Ta daɗe tana kallonsa. Ta fita bayan gida ta tsaya, ta juya fuska nan da can, ta dawo ta zauna.

Na ce, “Inna, lafiya?”

Ta ce, “Iska ta koma arewa, 'yar nan. A tsakiyar damina.”

Daga nan sama ta rufe bakinta. Ba wai hadari ba ya haɗowa ba ne, yana haɗowa, abin da ya fi ciwo ke nan. Za ka ji cida can nesa. Wani lokaci ma ka ga ruwan da idonka yana saukowa daga cikin gajimare kamar zaren saƙa, amma ya ƙare a sarari bai taɓa ƙasa ba. Inna ta ce busasshiyar iskar da ke ƙasa ce ke shanye shi tun bai iso ba. Gero ya nannaɗe ganyensa, ya yi rawaya, ya kwanta. Da aka yi wani ɗan yayyafi muka sake shuka, tururuwa da tsuntsaye suka kwashe. Maza suka fita roƙon ruwa bayan gari da riguna a juye, mu mata muka daka gumba muka raba wa yara sadaka. Shamuwar ma wata rana muka duba tsamiya babu ita.

Abinci ya riƙa janyewa a hankali. Da farko furar rana aka daina. Sannan tuwon dare ya koma kunu, kunun ma kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Dusar da muke ba awaki muka fara tankaɗewa. Da asuba Inna ta shiga rumbu da kanta ta auno na yini, ni in surfa in niƙa. Da hantsi mu tafi dajin goruba da sauran mata. Allah Ya sa wa goruba albarka, ita ta riƙe ƙasarmu. Mu kaɗo 'ya'yan, mu kankare bayan mu daka, mu zuba garin a kunu ya yi zaƙi-zaƙi ya ƙara auki. Kabar kuma mu yanko, in rana ta yi tsaka mu zauna a inuwa muna saƙar tabarma. Maigidan shi tafkin da ya ƙafe yake zuwa haƙar gaiwa, kifin nan da ke binne kansa a laka ya yi barci har ruwa ya dawo. Zai riƙa bin tsagar ƙasa yana ƙwanƙwasawa da sanda, in ya ji ta amsa sai ya haƙa. Ran da ya samo, gidan sai ka ce Salla.

Ranar kuwa ciwon haƙorin Inna ke tashi. Sai ta tura mini kasonta ta ce ba za ta iya taunawa ba. Gaiwa ce fa, wadda jariri ma zai iya ci da dasashi. In na yi gardama ta ce, “Ba ke na ba wa ba, 'yar nan, na cikin na ba wa. Ci ki yi shiru.”

Samari suka fara barin gari. Su taka zuwa tasha a Birniwa, su hau jirgin ƙasa zuwa Kano ko Nguru neman dako. Maigidan ma ya ɗaure ƙunshinsa ya rataye a zaure. Abin da ya tsayar da shi shi ne tulun iri da ke ƙarƙashin gadon Inna, wanda aka liƙe bakinsa da yumɓu. A ciki akwai ragowar irin gero da na wake. Yana so ya yi binne da geron, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa ya tafi, in Allah Ya kawo ruwa ya tsiro.

Inna ta ce, “Auta, sau biyu na ba ƙasar nan iri ta cinye. Wannan na baɗi ne.”

Ya ce, “Inna, in ba mu kai baɗin ba fa?”

Ta ce, “Wanda ya kai ya shuka.”

Na san ransa ya ɓaci. Ni kuwa ba irin ne a gabana ba. Ƙunshin da ke zaure nake kallo. Ga ciki yana girma, ga shi kunya ba za ta bar ni in ce kada ya tafi ba.

Ana cikin haka Baffa Buba ya iso. Bafulatani ne makiyayi, aminin marigayi surukina. Kowace shekara shanunsa kan kwana a gonarmu bayan girbi su bar mana taki. Da rani yakan yi kudu da su, in damina ta fara ya biyo ta a hankali zuwa arewa, har yara kan ce Baffa ne ke jawo ruwa da igiya. A shekarar sai ga shi da azahar, shanu duk awazu a waje. Ya zauna a zaure, Inna ta fita wurinsa, ni na kai ruwa na koma bayan zana ina ji.

Bayan an gaisa an yi jajen fari, ya ce, “Inna, tunda nake kiwo ban taɓa wuce ruwa a hanya ba sai bana. Kullum tare muke tafe, ina gaba yana baya, ko yana gaba ina baya. Bana ina tafe sai na fita daga cikinsa kamar mutum ya fita daga ɗaki. Nan ciyawa har ƙirjin sa, ka yi ɗan yini kana tafiya, ƙasa fayau. Iskar ma a fuska ka ji ta sake.”

Inna ta ce, “Wato a can ana yi.”

Ya ce, “Ana yi? Ai nasu da naku duka a kansu yake sauka. Kudu da Kano sai da shanuna suka yi iyo a inda muke tsallakawa da ƙafa. Gidaje na faɗuwa. Mutane na roƙon Allah Ya ɗauke.”

Maigidan ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce, “Su suna roƙon a ɗauke, mu muna roƙon ɗigo.”

Baffa ya ce, “Kai yaro, ba ka ji ni ba. Rafukan da na tsallaka, ina suke zuba? Duk a kogin nan naku. Ruwan yana hanya. Ba ta sama zai zo muku ba, ta ƙasa zai zo. Yana tafiyar tsohuwa ne, sai ya cika kowane rami kafin ya wuce. Ni dai da ina da fadama, da ban je ko'ina ba.”

Can na ji muryar Inna a hankali tana cewa, “Bakin rafin babanka, Auta.”

Baffa bai kwana biyu ba ya wuce arewa neman ciyawa. Maigidan ya je wurin Bulama, mai garinmu, ya faɗa masa, ya ce a haƙe bakin rafin kafin ruwan ya iso. Aka tara mazan da suka rage a gindin tsamiya. Da yawa suka ƙi. Wani ya ce wa zai haƙi yashi da yunwa saboda maganar mai wucewa? Kogin a lokacin fili ne na rairayi, sai 'yan kududdufai nan da can inda jakuna ke sha. Bulama ya ce shi dai ba zai tilasta kowa ba, amma gobe zai fita da garmarsa. Washegari maza kaɗan suka bi shi. Da mata suka ga haka muka ɗauki ƙwarya da kwanduna muka bi bayansu, sai kunya ta fito da sauran.

Na ga gayya da yawa a rayuwata, ban ga irin wannan ba. Babu tuwo, babu fura, makaɗin garin ma ya tafi Nguru. Wani tsoho makaho ya kifa ƙwarya yana bugawa da 'yan yatsu don a ji ɗan sauti. Maza na haƙa, mata na kwashe yashi a ka muna zubarwa a gefe. Daga sallar asuba har rana ta fara cizo, a koma inuwa, da la'asar a dawo. Kowace mace ta kawo abin da gidanta ya samu a haɗa a tukunya ɗaya, kunun goruba ne dai galibi. Ni Inna ta hana ni ɗaukar kaya, ta sa ni raba ruwa. Yashin yana ƙona tafin ƙafa. Mutum zai sara sau biyu ya jingina da ƙotar garma yana haki. Amma ana dariya, wallahi ana dariya. Matan suka sa wa rafin suna Hanyar Baƙo, in an gaji sai wata ta ce a yi sauri kada baƙo ya zo ya tarar ba a yi shara ba.

Aka gama, baƙo bai zo ba.

Jiran ya fi haƙar wuya. Kullum da safe sai an tura wani ya hau kan gaɓa ya duba yamma, ya dawo yana girgiza kai. Waɗanda suka ƙi aikin da farko suka fara magana ƙasa-ƙasa. Rumbunmu ya kai inda Inna ke sharo ƙasansa da tsintsiya. Maigidan ya sauko da ƙunshinsa ya sake ɗaurewa. Ya same ni a madafa ya ce in an sauko Juma'a zai tafi. Na ce Allah Ya kiyaye hanya. Hayaƙi na ɗora wa laifin hawayen idona.

Kafin Juma'ar, wata rana tsakar rana, sama fes babu ko ɗigon gajimare, muna saƙar kaba sai muka ji ihu daga bakin kogi. Na zaci gobara ce. Inna ta yar da kabar ta miƙe, tsohuwar da ke kukan gwiwa, sai da na yi da gaske na cim mata.

Ba da ƙarfi ya zo ba. Wani harshe ne na ruwa ja, mai kumfa a baki, yana lallaɓowa a kan rairayi yana shuu, yashi na shanye na gaba na baya na hawa kansa. Ƙwari da kunamu na gudu a gabansa. Yana ɗauke da kara da rassa da ɗanyen ganye irin wanda ba mu da bishiyarsa, har wata mata ta tsinci 'ya'yan kaɗanya tana nuna wa mutane. Wani sanyi ya taso daga kansa ya bugi fuskokinmu, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar da ba tamu ba. Mutane suka riƙa tafiya a gefensa kamar ana rakiyar amarya. Da ya kai bakin rafinmu sai ya tsaya yana taruwa, yana juyi. Can gefen yashin ya zabtare, ya karkata ya shiga. Bulama ya durƙusa a wurin ya kai goshinsa ƙasa.

Na hango maigidan a cikin rafin, ruwa har ƙauri, yana ture yashi da hannu yana buɗe masa hanya. Ya ɗago ya gan ni. Ya mayar da kai ga aikinsa, a gaban mutane ne. Da yamma na ga ƙunshin a kwance a kan gado, an kunce shi.

Kada in yi ƙarya, yunwa ba ranar ta tafi ba. Amma ruwan ya yi ta hawa har ya cika tafki, ya malale fadamar gaba ɗaya, ya kai inda tsofaffi suka ce rabonsu da ganinsa tun suna samari. Kifi ya biyo shi. Tarwaɗa da karfasa har a cikin ciyawa ake kama su da hannu. Ko'ina ka bi a gari hayaƙin banda ne da ƙarni, ga sauro kamar zai ɗauke mutum, babu mai kuka da shi. Sai bado ya rufe fuskar tafkin da farin fure. Mata su shiga ruwa har ƙugu su tsinko 'ya'yansa, mu shanya mu sussuke mu niƙa. Tuwon bado da miyar kifi, shi ne tuwon da na fara ci na ƙoshi a wannan damina. Har yau in na tuna sai na ji yawuna ya tsinke, ko da yake na san ba daɗinsa ba ne, yunwar ce.

Sama ta ɗan yi mana yayyafi a ƙarshe, bai isa komai ba. Gonar tudu kara ma ba ta ba mu ba. Amma da ruwan fadama ya fara ja, Inna da kanta ta fasa yumɓun tulun, ta ware geron ta mayar, ta miƙa wa ɗanta waken. Ruwa na ja muna binsa da shuka a cikin danshi. A bakin tafki kuma maza suka kafa jigo, doguwar sandar nan mai guga a baki da dunƙulen laka a gindi, suna shirin ban ruwan alkama in sanyi ya shigo. Yanzu inji ake tayarwa ya yi aikin yini kafin a sha koko, in gero ya ƙi kuma mota ta kawo na wata ƙasa kasuwa. Kogin ne dai ba ya zuwa yadda ya saba tun da aka datse shi can sama, ciyawar kachalla kuma ta cinye rafuka da yawa. Kowane zamani da sauƙinsa da nauyinsa. Na ga biyun, na gode Allah.

Wake na fure na haihu. Namiji. Ana saura kaɗan suna sai ga Baffa Buba ya dawo daga arewa. Garkensa ya ragu ƙwarai, can bai sami abin da ya je nema ba, shi kansa ya rame. Maigidan ya kai shi ya nuna masa fadama, ya ce harawar waken nan duk ta shanunsa ce, ga ruwa ga ciyawar burgu a bakin tafki. Ran suna da sassafe sai ga shi da ɗan rago a igiya, ramamme, amma rago ne.

Aka raɗa wa yaro sunan kakansa, Muhammadu. To Inna ba za ta iya kiran sunan mijinta ba, dole ta nemo lakabi. Tsakar gida cike da mata, ana ta rabon kifi da tuwon bado, ta karɓe shi ta ɗora a cinya, ta daɗe tana kallon fuskarsa. Sai ta ce, “Anaruwa.”

Gidan ya kwashe da dariya. Sunan na yaron da aka haifa ruwa na zuba ne. Wata maƙwabciyarmu ta ce, “Haba Inna, wane ruwa? A shekarar da sama ta ƙi mu?”

Inna ta nuna bayan katanga da haɓa, inda fadama ke walƙiya a rana. Ta ce, “Wancan daga rijiya ya fito? Ana ruwa mana. A kan wasu ya sauka, mu muka sha.”

Sunan ya bi shi. Yau gemunsa fari fat, yana da jikoki, amma in ka shiga ƙauyen ka tambayi gidan Malam Muhammadu sai an yi ta kallon juna. Ka ce Anaruwa, ƙaramin yaro ma zai kai ka.